Hular Fiffike

Shekaru na yi ban ga bangon falona na gabas ba. Ba labule ne ya rufe shi ba, fukafukan jirgin sama ne guda biyu, a tsaye a kan wani abin katako da maigidana ya ƙera musu, tun daga ƙofar kicin har bakin baranda. A unguwar Karama ta Dubai muke zaune a lokacin, a hawa na uku na wani tsohon gini da ƙamshin girkin Indiyawa ba ya barin matakalarsa. Ni ina aiki a kantin magani, shi kuma gyaran lif yake yi. Duk wanda ya san shi Injiniya yake ce masa. Ni ma haka nake ce masa idan raina ya fara ɓaci.

Mazan mutane idan Dubai ta karɓe su, fili suke saya a gida su fara ɗora bulo. Nawa jirgi ya saya. Ba a haɗe ba, don akwai masu sayar da ƙaramin jirgi gunduwa-gunduwa, su haɗo ka da littafi, ka zauna a gidanka ka harhaɗa abinka. Da jela ya fara, ya gama ta a ɗakin kwana, ya ɗora min ita a kan wadirof. A shekarar 2016 fukafukan suka iso cikin akwatin katako da ya ƙi shiga lif, abin da shi mai gyaran lif ya sani tun kafin ya yi oda. Da igiya aka jawo akwatin ta baranda, rabin layinmu sun ɗaga kai suna kallo. Da mai gadin ginin ya tambaye shi mene ne a ciki, ya ce masa kabad ne.

Daga waje fiffiken alminiyam ne sumul, har ɗaurin ɗankwali na sha gyarawa a jikinsa. Ciki kuwa fayau yake, sai haƙarƙari a jere, kowanne da ramuka zagayayyu da hannu zai shige har kafaɗa. Bakin da ke kallon baranda a buɗe yake, yana jiran wani murfi da ake sa wa ƙarshen fiffike. Murfin yana da sunansa a littafin, ni dai hula nake ce masa, har shi ma ya koma cewa hula.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci mutanenmu suna zuwa cin tuwo. Su zauna a rabin falon da jirgi ya rage mana, gwiwa na gugar gwiwa, a ci a sha, sannan wani ya goge hannu ya kalli fiffiken.

"Injiniya, yaushe za a tashi?"

"In sha Allahu," in ji shi.

"Har Kano?"

"In Allah ya yarda."

Ban ga abin da zai ce ba banda hakan. Amma a wurinmu wanda ya ce zai yi tafiya ya rasa iko da jakarsa. Ko daga Kano zuwa Wudil za ka, sai wani ya ba ka ƙulli ka miƙa wa gwaggonsa, kuma ba a cewa a'a. Wanda ya ƙi karɓar saƙo, ko bayan ransa sai an tuna masa. Wata Juma'a wani ɗan kasuwa da ke zaune a unguwar Hor Al Anz ya zaro kwalbar turare daga aljihu ya ce idan an tashi a miƙa wa tsohuwarsa. Maigidan ya karɓa da hannu biyu, ya miƙo min. Na duba gidan kaf ban ga inda zan ajiye ba, sai na zura ta a ramin fiffike. Ta zauna daram. Har yau ban ga laifina ba, abin da ya cinye min rabin falo ai ya kamata ya yi wani amfani.

Daga nan aka buɗe ƙofa. Abaya ta shigo, dabino ya shigo, sai wayar hannu, carbi, man zafi na ciwon gwiwa, har da wata fitila mai caji. Yawancinsu sun san jirgin ba yau ba ne ba gobe ba. Mutum yana kwana a gadon haya, su da yawa a ɗaki ɗaya, akwatinsa ma a ƙarƙashin gadon wani yake, sai ga wurin ajiya kyauta mai sanyin esi, ga tuwo a kai. Maigidan yakan yi min mita bayan sun watse, ya ce, "Hajiya, wannan fa ba sito ba ne." Mako na zagayowa wani ya miƙo ƙulli, ya sake karɓa da hannu biyu. Fiffiken hagu ya koma ƙamshin turaren wuta, na dama kuma tururuwa ta gano dabinon da ke ciki.

Mutum ɗaya ce ba ajiya ta kawo ba, ita ce mai yi min kitso. 'Yar Maradi ce, ta girme ni, Yaya nake ce mata, maigidan ma ya bi bakina. Aikin gida ya kawo ta Dubai, gidan ya yi mata zafi ta gudu, bizarta ta mutu a hannun mutanen da ta baro. Tun daga nan take zaune ba takarda, tana kitso da wanke-wanke a gidajen da suka yarda da ita. Duk mai kaki tsoronsa take ji, ko da mai gadin kanti ne. Ta baro 'yarta a Maradi wurin kakarta, yarinyar ko yaye ba a daɗe da yi mata ba. Abin da ya hana ta komawa ɗaya ne: duk hanyar gida ta filin jirgi take bi, a filin jirgi kuma ake tambayar takarda.

Ranar da abin ya fara ina zaune a ƙasa, kaina a tsakanin gwiwoyinta, ba na ganin komai sai tayil da ƙafar maigidan yana kai da kawo a gindin fiffike.

"Injiniya," ta ce, "wanga jirgi naka ta ina yake tashi?"

Ƙafar ta tsaya. Tun da ya fara aikin nan babu wanda ya taɓa yi masa tambayar da take neman amsa. Ya shiga bayani, ya ce irin wannan ba ya bukatar babban fili, ko filin ƙwallo ya ishe shi, ko dakakken rairayi a bayan gari.

"Ba sai an bi ta wurin masu duba papiye ba?"

"Jirgi ba ruwansa da takarda, Yaya," in ji shi. "Iska kawai yake so."

"Mutum nawa yake ɗauka?"

"Biyu."

Ta kama gashina ta juyo da fuskata. "Madam za ta tahi?"

Na ce ko tura shi ake yi a ƙasa ba da ni ba.

"Bon," ta ce. "To na kama wuri."

Muka yi dariya, har da ita. Mako mai zuwa ta zo da takalmin yarinya a cikin leda, ja mai igiya, ta zura shi da kanta a fiffiken hagu. Na ce mata ga 'yan kasuwar Maradi nan suna zirga-zirga, ta ba su mana. Ta ce takalmi ba a aika shi, sai an durƙusa an gwada a ƙafa, kuma ita za ta durƙusa. Duk Sallah kakar yarinyar takan karya tsinken tsintsiya daidai tsawon ƙafar, ta ba wani mai zuwa ya kawo. Yaya ta tafi kasuwa da tsinken, ta sayo wanda ya fi girma, ta zo ta zaro tsohon ta zura sabon. Tsofaffin takan ba 'ya'yan maƙwabta.

Ta ɗauki jirgin kamar nata. Takan goge shi da tsumma kafin ta taɓa kaina. Wanda ya jingina da shi ko ya ɗora kofin shayi, sai ta tashe shi, ko da mai furfura ne. Maigidan ya fara tara mata labari, Juma'a na yi ya nuna mata sabon layin ribit, wato ƙananan ƙusoshin da ake ɗinke alminiyam da su, ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya tana cewa tubarkalla. A duk Dubai ita kaɗai ce ba ta murmushi a bayan hannunta idan ana zancen jirgin. Ni da nake matarsa ina yi.

Hulunan sun iso da zafin shekarar 2018, guda biyu a dogon kwali, na faiba, wata irin roba mai tauri, masu ruwan toka, kowacce kamar an tsaga ƙaramin kwalekwale. Na ɗauka kifa su za a yi a wuce wurin. Ashe da gangan ake yin su da rara, sai ka yanke da kanka. Ya ja layi da biro, ya yanka da ƙaramin zarto, ya goge da samfefa, ya gwada, ya cire, ya ƙara gogewa. Ƙurar faiba ba ta da mutunci. Ta shiga kujera, ta shiga sallaya, ta shiga tawul, muka wuni muna susa, har abokiyar aikina a kantin magani ta ja ni gefe ta miƙo min man ƙaiƙayi.

Aikina shi ne riƙewa. A bayan fiffike akwai wani ɗan marfi mai motsi sama da ƙasa, da shi jirgi yake karkata, kuma dole bakin hular ya yi layi ɗaya da shi. Sai ya ɗaura zare daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya manna hular da salatif, ya sa ni in tallafe ta, shi kuma ya koma ƙofar kicin ya rufe ido ɗaya.

"Sama kaɗan. Shwayya. Ya yi yawa. Hajiya, kina numfashi."

"To in daina?"

"Na ɗan lokaci."

Ta hagun ta zo a ɗan murɗe, ya ɗauki na'urar busar da gashina ya gasa ta har ta yi laushi ya miƙar da ita, na'urar kuma ba ta ƙara tashi ba. Da layi ya yi masa, ya huda ramuka, ya soke kowanne da wata ƙusar wucin gadi mai sifirin da ake matsawa da filaya, har hular ta fito da ƙayoyi kamar bushiya. Ya ɗaura jar fitila a ta hagu, koriya a ta dama. Abin da ya rage shi ne a cire na wucin gadin a buga ribit, daga nan hannu ba zai ƙara shiga fiffiken ba. Kafin a buga kuwa dole cikin ya zama wayam, don akwai sandar ƙarfe da ta ratsa ta ciki tana motsa ɗan marfin nan, ya ce ko ƙwallon dabino ya maƙale mata an gama. Ya sa ranar Juma'a, ya ce kowa ya zo ya karɓi saƙonsa.

A daidai wannan lokacin ne gwamnati ta yi afuwa. Aka ce duk wanda takardarsa ta mutu ya fito, ba tara ba ɗauri, a ba shi takardar fita ya tafi gida, amma na 'yan watanni ne. Matan da Yaya take kwana da su a Hor Al Anz suka fita ɗaya bayan ɗaya, wasu har sun kira daga gida. Ita ko gezau. Na yi mata maganar tana tsaka da tsaga min kai.

"Tarko ne, Madam."

Na ce waɗanda suka tafi fa?

"Su ba su gudu daga gidan kowa ba. Ni kuma mi zai kai ni, ina da wuri a jirgi?"

Na ɗago kai, kibiyar kitso ta soke ni. Na kalli fuskarta ina neman dariyar da muka yi tare ranar da ta kama wurin, ban same ta ba. Na ce, "Yaya, jirgin nan fa jela ce da fukafukai. Kujerar da kika kama ko sayo ta ba a yi ba."

Ta mayar da kaina ƙasa da tafin hannu. "Ke ba ki yarda da mijinki ba, shi ke nan. Ni na ga aikinshi. Mutumin da ke auna abu haka ba ya ƙarya."

Bayan ta tafi na tare shi a kicin. Na ce ya faɗa mata da bakinsa, don nawa bakin ba ya shiga kunnenta.

"Ni ban taɓa ce mata zan kai ta ba."

"Ka ce in sha Allahu."

"To me zan ce? In ce Allah ba zai so ba?"

Ya ɗauko taswira a waya yana nuna min wai a lissafi abin ba gagara ba ne, a sauka a Saudiyya a sha mai, a tsallaka teku, a sauka a Sudan, a sauka a Chadi. Na ce da wane injin? Ya ce inji ai shi ne na ƙarshe. Na ce Injiniya, afuwar nan rufewa za ta yi, matar nan za ta ƙara shekaru tana sauya takalmi a falona, yarinyar kuma ta girma ba ta san ƙamshin uwarta ba. Ya ɗauki wata ƙusa yana murzawa a hannu. Na gane abin da yake ciwo. Mutum ɗaya ce tak ta yarda da shi, ni kuma ina cewa ya je ya rushe yardar da hannunsa. Na ji tausayinsa, amma haushinsa ya fi yawa.

Ranar Juma'ar falon ya cika har baranda. Aka ci tuwo, aka cire hulunan aka jingine, aka fara haƙo. Na kusa-kusa na zaro da hannu, na nesa da sandar mofa da wayar hanga. Da abin ya gagara, maza suka ɗaga fiffiken suka karkata shi suna jijjigawa, maigidan yana zagaya su yana roƙo a yi a hankali, wani yana cewa yalla, wani yana cewa a saki ta can. Kaya suka riƙa gangarowa kan kafet. Dabino ya zama dutse. Wayar hannun ta kumbura. Abayar an daina yayinta. Wani ƙullin mai shi ya je gida ya dawo har sau biyu, kuma a can an tambaye shi, ya ce yana hanya. Man zafin kuwa wanda aka saya wa ya riga mu gidan gaskiya, mai shi ya karɓa ya yi masa addu'a, ya shafa a tasa gwiwar.

Ba wanda ya ji daɗin karɓa. Mayar wa mutum saƙonsa kamar mayar masa da gaisuwa ne. Mai turaren ya juya kwalbarsa ya ce, "Injiniya, an fasa tafiyar ne?" Maigidan ya ce a'a, gyara ne kawai.

Takalmin Yaya ne ya ƙi fita. Ashe wannan karon, don kada wani ya taɓa mata, da muciyata ta tura shi can ƙurya, ledar ta naɗe a jikin sandar ƙarfen nan, igiyar takalmin ta maƙale a bayan haƙarƙari. An haska da fitilar waya ana hango jansa, hannu ba ya kaiwa, wayar hanga ba ta kamo shi.

"A bar shi," in ji ta. "A sa hula a rufe. Ai tare za mu tahi."

Ya ce ba a rufe fiffike da komai a ciki, haɗari ne.

"Dakor, na yarda. A fiddo, in riƙe a cinya." Ta gyara mayafinta, ta dube shi a gaban mutanen nan duka. "Amma Injiniya, ka gaya mini. Afuwar nan an ce ta kusa ƙarewa. Madam ta ce in tahi can. Ni na ce ina da wuri. In bar ta ta wuce?"

Kowa ya san amsar da aka saba ji, na ga har leɓen wani ya fara motsi zai taya shi faɗa. Maigidan yana tsaye da wayar hanga a hannu, ƙurar faiba a gemunsa.

"Kada ki bari ta wuce, Yaya," ya ce. "Jirgin nan ba zai kai ki ba. Ba shi da ciki, ba shi da inji. Ko na gama shi, sai hukuma ta duba takardar duk wanda zai hau, kamar kowane jirgi. Ni kuma ban iya tuƙi ba. Ban taɓa tuƙa jirgi ba."

A duk shekarun nan ba wanda ya taɓa tambayarsa wannan. Ni na sani, amma ban taɓa jin ya faɗa a fili ba. Na jira a fashe da dariya, don wasu a cikinsu sun daɗe suna jiran ranar. Ba wanda ya yi. Mai turaren ya sunkuyar da kai yana karanta jikin kwalbarsa.

Yaya ta dube shi ta ce, "To don mi kake yin shi?"

"Ina son in ga ya yi daidai," in ji shi.

Ta ce, "Ba ni takalmin ɗiyata."

Hanya ɗaya ce ta rage. Ya sa aka kwantar da fiffiken a kan kujeru, ya ɗauko injin huda, ya fara cire ribit ɗin fatar ƙasa, layin nan da ya fi alfahari da shi, wanda ta bi da yatsa tana sa albarka. Kowacce sai ya huda kanta ya ɓalle ta. Sau ɗaya injin ya zame ya ja wa alminiyam ɗin tabo mai tsawon yatsa. Bai tsaya ba. Ya ɗaga fatar, ya zura hannu, ya warware ledar, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa ta fita, ko sallama ba ta yi mana ba.

Na ɗauka mun rabu ke nan. Bayan kwana biyu ta kira ni da sassafe ta ce tana ƙasan gininmu, in zo in raka ta. Wurin da ake karɓar mutane yana can bakin gari, manyan tantuna ne cike da 'yan ƙasashe iri-iri, kowa da ledar takardunsa. Tun daga ƙofa ta damƙe wuyan hannuna, sai da shatin yatsunta ya kwana a jikina. Wata mai kaki ta nufo mu, Yaya ta ƙara damƙe ni, ashe ruwan sanyi ta kawo mana. Aka yi ta kai da kawo na wasu kwanaki, ofishin ƙasarsu, hoto, dangwalen yatsa, har takardar ta fito. 'Yan tuwon Juma'a suka haɗa mata tikiti. Da suka ji tabbas tafiya za ta yi, sai ga su da ƙulle-ƙullen da aka zazzage daga fiffike, wai ai Maradi da Kano ba nisa. Ta karɓi na mutum biyu, ta ce sauran su nemi wani jirgin.

Maigidan ne ya kai mu filin jirgi. Takalmin yana hannunta, ta ƙi sa shi a akwati. Da za ta shiga ta rungume ni, shi kuma ta ce masa, "Injiniya, a gyara wurin da aka buɗe." Ya ce to. Na tsaya ina kallonta har ta miƙa takardarta ga mai duba takardu, ya buga hatimi, ya miƙo mata ba tare da ya ɗago kai ba.

Ya mayar da fatar, ya sake buga layin, tabon dai yana nan. Juma'a ta koma ta tuwo zalla, ba mai tambayar yaushe za a tashi. Na ga abin yana damunsa fiye da tsokanar da ake yi masa a da. Hulunan suka yi makonni a jingine a bayan ƙofa, ni da nake ƙorafin su sai ga ni ina cewa ya zo mu sa.

Wata Asabar da hantsi muka sa. Ina tallafe da ta hagu, yana cire ƙusoshin wucin gadi yana maye su da ribit, sai wayata ta yi ƙara a kan kujera. Na ce ya duba. Ya ce saƙon murya ne daga Nijar. Na ce ya kunna, hannuna ba sarari.

Muryarta ta cika falon, ana jin awaki a bayanta. Ta gaishe mu, ta tambayi aiki, ta tambayi zafi. Ta ce ta sauka lafiya, ta tarar da tsohuwa da rai. Ta ce yarinyar ta yi tsawo, tana zuwa lekol, wato makaranta, ta iya karatu. Ta durƙusa ta sa mata takalmin, ya shiga, sai dai babban yatsa yana taɓa gaba, ba zai kai wata Sallar ba.

"Da na gama ɗaura mata igiya," in ji ta, "sai ta ce mini, na gode, Tanti. Kakarta ta ce ba Tanti ba ce, uwarki ce. Ta ɓuya a bayan tsohuwa. Har yanzu Tanti take ce mini, Madam. Ba komi. Ina nan, za ta saba."

Saƙon ya ƙare. Hular tana hannuna, saura 'yan ramuka a rufe, idona ya cika ba ni da hannun gogewa. Maigidan ya ajiye abin buga ribit a ƙasa, ya zauna a kan kafet da wayar, ya sake kunna saƙon daga farko.